Saba biyu, batir babu, laifi kuma na Injiniya

Wanda ya ce wa Alhajinmu ya zuba kuɗi masu kauri ya sayi saba guda biyu, wato manyan kwamfutocin da ke ajiye fayilolin ofis gaba ɗaya, amma bai ce masa ya sayi batir mai kyau ko ɗaya ba, Allah Ya isa tsakanina da shi. Ba da wasa nake faɗa ba. Ofishinmu na safiyo ne da zanen filaye a nan Sakkwato, babban ofis wajen Gawon Nama, reshe kuma a Arkilla, ni ne kuma ake ƙwala wa kira da Injiniya duk lokacin da fayil ya ƙi buɗewa. Ranar da aka kawo ɗan kwangilar da ya haɗa kayan daga wani gari, ko launin kebul ba a tambaye ni ba. Yau kuwa har a sahun sallar Azahar sai wani ya taɓa ni ya ce in an sallame yana son ganina.

Ga abin da aka sayar mana. Kowane ofis da sabarsa, manhajar GlusterFS ke haɗa su ta eriyar rediyo da aka kafa a kan ƙarfe a saman rufi, duk abin da ka ajiye a nan sai ya bayyana a can. Kwamfutocin zanen taswira masu Ubuntu da QGIS suna shiga rumbun fayilolin ta manhajar NFS, na masu lissafin kuɗi masu Windows kuma ta Samba. A bakin ɗan kwangila abin gwanin daɗi: ba sauran ɗaukar filash a hau kabu-kabu daga wannan ofis zuwa wancan.

Ban ce manhajojin ba su da kyau ba. NFS dai tun 1984 kamfanin Sun Microsystems na Amurka ya fito da shi, ya fi yawancin ma'aikatanmu shekaru, kuma har gobe manyan jami'o'i da kamfanoni na aiki da shi. An tsara shi yadda in saba ta mutu, kwamfutarka za ta tsaya cik ta jira har ta dawo, don kada abin da kake rubutawa ya salwanta. Dabara ce mai kyau a inda mutuwar saba abin ba da labari ne. Mu kuwa a nan wuta ta tafi ta dawo ta sake tafiya kafin ka gama shan shayi, kafin mai gadi ya je ya tayar da janareta saba ta riga ta faɗi, domin UPS ɗin da ke ƙarƙashinta, wato akwatin batirin da ya kamata ya riƙe ta in wuta ta ɗauke, ƙara kawai ya iya yi, ba ya riƙe komai. Sai allon kowa ya daskare. Ka duba bayanan na'ura ka ga tana maimaita maka cewa saba ba ta amsa ba, tana kan gwadawa. Ko umarnin df da ake duba sauran wuri da shi, in ka buga, shi ma can zai maƙale.

Nan ne Hajiya mai lissafi za ta leƙo ta ce, "Injiniya, wanga abu naka ya sake maƙalewa, mi munka yi maka?" Abu nawa! Ni da ko kwalin da aka zo da shi ban buɗe ba.

Da na kira ɗan kwangila, bayan wayar ta yi ta ƙara har ta gaji, shawarar da ya ba ni ita ce in sauya haɗin daga hard zuwa soft, wai sai kwamfuta ta daina daskarewa. Gaskiya ne za ta daina. Abin da bai faɗa ba shi ne, da tsarin soft ɗin kwamfuta kan haƙura ta bar rubutu a tsakiya, kuma takardar bayanin NFS kanta ta yi gargaɗi cewa hakan na iya lalata bayanai ba tare da ka sani ba. Wato maimakon mutum ya zauna yana tsaki na minti goma, sai ya tashi da taswirar da rabinta ya ɓaci, ba zai gane ba sai ranar da mai fili ya zo karɓa. Na ce masa na gode.

Batirin UPS kuwa ba asiri aka yi masa ba. Irin waɗannan batura ana auna ƙarkonsu ne a zafin digiri 25, kuma duk ƙarin kusan digiri 10 yana cinye rabin kwanansu. Sakkwato ce fa. A watan Afrilu da Mayu zafi na haura digiri 40 a inuwa, sabarmu kuma tana cikin sito mara taga, kusa da tsofaffin fayilolin takarda da buhun siminti da aka manta da shi. Fanka ɗaya ce a ɗakin, ita ma sai da wuta. In hunturu ya shigo sai ƙura ta karɓi aiki, na buɗe murfin sabar na ga fankokin ciki sun yi jajir, ƙura ta daskare a kansu har ana kankare ta da tsinken ashana. Na rubuta takarda a kai wa Alhaji cewa a sa na'urar sanyaya ɗaki da inbata da sababbin batura. Amsar da ta dawo: "Ai kuɗi munka biya, ba kyauta anka ba mu ba. A gyara da abin da ke akwai."

Duk wannan mai sauƙi ne a kan abin da ya fi ƙona mini rai. Eriyar da ke haɗa ofisoshin biyu ba ta da tabbas, iskar farkon damina in ta taso sai ta ɗan karkatar da ita, haɗi ya yanke. To sabobin nan biyu ne kacal, kowace tana ɗauke da cikakken kwafi. In suka daina jin juna, ta Gawon Nama sai ta ɗauka ta Arkilla ce ta mutu, ta ci gaba da karɓar aiki. Ita ma waccan haka. Yaro a nan ya gyara iyakar fili a taswira ya ajiye, wani a can ya buɗe taswirar nan ɗin ya ƙara lambobin turaku ya ajiye. Da haɗi ya dawo, fayil ɗaya ya zama iri biyu, kowace saba tana cewa nata ne daidai, ɗayar ce ke baya. Masu manhajar suna kiran wannan rabuwar ƙwaƙwalwa. GlusterFS ba ya zaɓa maka, sai ya kulle fayil ɗin gaba ɗaya, duk wanda ya taɓa shi ya ga "Input/output error". Mutum yana ganin sunan fayil ɗinsa ƙuru-ƙuru a folda, amma ba ya buɗuwa.

Kuma wallahi wannan ba ɓoyayyen ilimi ba ne. A daidai lokacin da kake ƙirƙirar rumbu mai kwafi biyu, manhajar da kanta takan tsayar da kai ta gargaɗe ka cewa wannan tsarin na jawo rabuwar ƙwaƙwalwa, ka yi kwafi uku ko ka sa mai raba gardama, sannan ta tambaye ka ko za ka ci gaba. Mutumin nan ya karanta, ya danna eh, ya karɓi cekinsa ya kama hanya. Mai raba gardamar nan ma ba wata babbar na'ura ba ce, sunayen fayiloli da bayanansu kawai take riƙewa, ba ta ɗaukar abin da ke cikinsu. 'Yar ƙaramar kwamfuta ta isa. Da ita, ɓangaren da ya rasa rinjaye sai ya ƙi karɓar rubutu har haɗi ya dawo, mutane su ɗan yi gunaguni amma aikin kowa na nan lafiya.

Ana iya warware fayil ɗin da ya rabu, sai dai da hannu, ɗaya bayan ɗaya. Ko ka ce a ɗauki wanda ya fi girma, ko wanda aka taɓa daga baya, ko ka nuna sabar da ka yarda da ita. Ni nakan kira yaran biyu in zaunar da su, a ciro kwafin kowa gefe guda, a haɗa gyaran, sannan a warware. Yana cin yini, amma ba a asara. Shi kuwa gwanin namu, da Alhaji ya matsa masa a waya, sai ya shigo ta intanet cikin dare ya ba da umarni a ɗauki na baya-bayan nan a kan duk fayilolin da suka rabu, bai ko duba agogon sabobin ba. Sabar Arkilla ɗan batirin agogonta, CR2032 ɗin nan da ko a shagon masu gyaran agogo za ka samu, ya daɗe da mutuwa. Duk sanda wuta ta ɗauke sai agogon ya koma shekarun baya, in kuma data ta ƙare babu inda zai gyara kansa. Saboda haka aikin da aka yi jiya a Arkilla sai ya zama tsoho a idon manhaja, tsohon kwafin Gawon Nama ya hau kansa ya shafe shi. Akwai yaron da ya yi ta yawo da kayan awo a rana wajen Kwannawa, ya dawo baƙi wuluk ya shigar da komai. Da safe ya buɗe taswira ya tarar da ita yadda take kafin ya fita. Bai yi faɗa ba, zama kawai ya yi ya dafe kai. Da Alhaji ya iso, ni ya fara tambaya ina nake aka yi haka. An bar jaki ana dukan taiki.

Maganar izini ma haka aka yi mata. Irin NFS ɗin da aka saka mana ba ya duba sunanka, lamba yake dubawa, kuma Ubuntu na ba mutumin farko a kowace kwamfuta lamba 1000. Kenan duk masu zane mutum ɗaya ne a wajen saba, wanda kuma aka buɗe wa asusu na biyu ya samu 1001 sai a hana shi shiga fayil ɗin da shi ya zana a wata kwamfutar. Maganin ɗan kwangila shi ne chmod 777 a kan komai, wato kowa ya karanta, kowa ya rubuta, kowa ya goge. Ɗalibin da ya zo koyon aiki ya so share tarkacen kansa, ya haɗa da foldar wani aiki. Aka ce ba komai, ai akwai kwafi a Arkilla. Babu! Ranar eriya lafiyarta ƙalau, gogewar ta isa can kafin yaron ya ɗaga yatsa. Kwafi biyu masu bin juna ba ajiyar ko-ta-kwana ba ce, kuma na faɗa tun ba yau ba, aka ce ina son a kashe kuɗi ne.

Sauran ƙananan kuwa kullum ne. Wuta ta ɗauke Hajiya na cikin Excel, ɗan ɓoyayyen fayil mai farawa da ~$ ya rage a folda, gobe a ce mata wani na amfani da takardar alhali ita kaɗai ce a ofis. Wani a can ya maye gurbin fayil, na nan da ke riƙe da tsohon ya ga "Stale file handle", sai na sauke haɗin na sake ɗaurawa. Duk wanda ka tambaya me ya gani a allo kafin abin ya tsaya, amsa ɗaya ce, ba netwok, ya kuma riga ya kashe kwamfutar ya kunna har sau biyu, saƙon da zan karanta ya tafi.

Wani abin takaicin, kamfanin Red Hat da ya sayi Gluster, masu GlusterFS, a 2011 ya daina tallafa wa nau'in da yake sayarwa tun ƙarshen 2024. Manhajar kyauta tana nan, amma wanda zai ɗora ofis guda a kanta ya kamata ya bar takarda ko shafi biyu ne, ya ce ga yadda na haɗa, ga kalmar sirri, ga abin yi in an samu matsala. Mu ko kalmar sirrin babban asusu sai da Alhaji ya biya kuɗin da ake kira na kulawa kafin aka turo mana ita.

Abin da na nema bai taka kara ya karya ba in aka kwatanta da kuɗin sabobin: batura, inbata, na'urar sanyi a sito, 'yar kwamfutar raba gardama, da faifai na daban da za a riƙa kwashe komai a ciki kowane dare a ajiye shi a wani wuri. Batirin agogo dai na saya da kuɗina na saka. Tun makon jiya kuma na rufe rubutu daga Arkilla, karatu kawai za su iya. Wanda ya gama aiki a can ya zuba a filash ya hau kabu-kabu ya kawo mini, kuɗin mashin kuma ofis zai biya, na riga na gaya wa Hajiya ta buɗe masa shafi a littafinta.