Dashen 3 ga Agusta: a ƙirga itacen da ya ga watan Afrilu

Tun 1975 Nijar ta mayar da ranar samun 'yancin kanta, 3 ga Agusta, ranar dashen itatuwa. A Yamai kuwa, tun 1965 aka fara dasa zoben itatuwan da ya kewaye birnin, galibinsa darbejiya, wanda gine-gine da masu saran itace suka cinye babban ɓangarensa. Wannan ya isa ya nuna cewa masu sa kai ba su ƙaranta ba. Matasa suna fitowa, 'yan makaranta suna fitowa. Abin da ke kashe aikin shi ne ƙidayar da muke yi: muna ƙirga tsiron da ya shiga rami ranar biki, alhali wanda ya kamata a ƙirga shi ne wanda ya tsallake zafin Afrilu da ganyensa.

Rami shi ne farkon kuskure. A haƙa shi santimita 50 faɗi, 50 zurfi, mako biyu kafin dashe, a ware ƙasar sama gefe guda domin ita za ta fara komawa ciki, a cakuɗe da taki bokiti ɗaya. Takin ya zama wanda ya ruɓe sarai. Ɗanyen kashin shanu ƙona saiwa yake yi, ya kuma gayyato gara, sai a wayi gari tsiron ya bushe a ɗora wa rana laifi. Ledar da aka raini tsiron a ciki a tsaga ta da reza a cire, a datse saiwar da ta nannaɗe a gindi. Idan aka bar ta haka za ta ci gaba da zagaya kanta, itacen ya yi shekara uku bai wuce ƙugu ba. Kada a binne wuyan tsiron, ya tsaya daidai inda ƙasa ta tsaya masa a leda. A danne ƙasar da ƙafa, a yi mata gurbi kamar kwano don ruwa ya kwanta.

Ita kanta ranar 3 ga Agusta ta ɗan makara. A yankin da damina ke ɗaukewa a ƙarshen Satumba, tsiron da ya shiga ƙasa a tsakiyar Yuli ya sami ƙarin makonni na ruwan sama kyauta. A yi biki a Agusta, ba laifi, amma a riga shi da aikin.

Daga Oktoba ake sanin mai son itace da gaske. Kowane tsiro yana buƙatar kamar lita 20 sau biyu a mako har damina ta dawo. Ƙungiyar da ta dasa 500 ta ɗaukar wa kanta lita 20,000 kowane mako. Wa zai ja wannan ruwa, daga wace rijiya, da kuɗin wa? Idan babu amsa, gara a dasa 50 a raba su ga mutane da sunayensu, kowane tsiro da kejinsa na ƙaya ko waya mai tsayin mita ɗaya da rabi, domin akuyar gari ba ta san ranar biki ba.

Sai abin da ya kamata a cire kafin a dasa. Furosofis, ƙayar nan 'yar uwar ƙirya da aka kawo daga nahiyar Amurka don tare rairayi, ta zama annoba a bakin tafkin Chadi da wasu filayen birane. Sudan ta shigo da ita a 1917, suna ce mata miskit, a 1995 kuma gwamnati ta ba da umarnin kawar da ita bayan ta mamaye gonakin noman rani. Masu sa kai kan zo da adda su sare ta daga sama su tafi, bayan wata biyu ta tofo da rassa goma a madadin ɗaya. Idanun da take tofowa daga gare su suna wuyan saiwa ne, don haka sai an tona an yanke ta kamar santimita 30 ƙarƙashin ƙasa. A yi wannan kafin 'ya'yanta su nuna, saboda awaki na cin su, su baza irin cikin kashinsu ko'ina. Irin yakan yi shekaru a ƙasa bai mutu ba, shi ya sa dole a dawo bayan ruwan farko a tuge ƙananan da hannu, da safar hannu mai kauri, domin ƙayarta tana huda takalmi. Itacen da aka sare yana yin gawayi mai kyau, kuɗinsa ya biya mai ban ruwa.

Wurin da aka share kada a bar shi fili. A sa tsamiya, maɗaci, aduwa, kurna ko gawo, ba darbejiya kaɗai ba. Kafin a sayi tsiro ma, a duba kututturan da ke tofowa da kansu. Manoman Maraɗi, tun shekarun 1980, da sassaben zamani suka dawo da itatuwa a gonakinsu: a zaɓi rassa biyu zuwa biyar masu ƙarfi a kan kututture, a datse sauran. Saiwarsa ta riga ta kai ga danshi, ba ya jiran jarkar kowa.