Mai jegon da aka yi wa tiyata ba raguwa ba ce, ku ba ta maganinta a kan lokaci

Maganar nan ta daɗe tana ci mini rai. A Zariya, daga cikin Birni har Tudun Wada da Samaru, da zarar an ce an yi wa wance aiki an ciro mata ɗa, sai ka ji wata ta ce, "Ai ta huta, ba ta sha wuyar naƙuda ba." Subhanallahi! Matar da aka yanka mata ciki aka buɗe mahaifa, aka bi aka ɗinke hawa-hawa, ita ce ta huta? Da yawansu ma sai da suka kwana suka yini a kan gwiwa kafin a shiga da su ɗakin tiyata.

Allurar kashe zafi da ake yi a gadon baya kafin aikin cikin 'yan sa'o'i take sakin jiki. Kwana biyu zuwa uku na farko su ne masu tsanani. Ga zafin ɗinki, ga murɗar mara duk sanda jariri ya kama nono, domin mahaifa na tsukewa. Na yi jinyar ƙanwata, na ga yadda take danna filo a mara kafin ta yi tari, na ga yadda take mirginawa gefe ta dafa gado kafin ta iya tashi zaune. Nas ta zo ta tambaye ta jiki, ta ce da sauƙi, alhali gumi na tsattsafo mata a goshi. Surukarta na zaune a gefe, haihuwar fari ce, kunya ba za ta bar ta ta yi raki ba. Mu muka koya wa 'ya'yanmu wannan shirun, kuma yana cutar da su.

Kuskuren da muka fi yi shi ne jira sai ciwo ya ci ƙarfinta sannan a nemo magani. Maganin bayan tiyata da agogo ake shan sa, ko ciwon ya lafa. Farasitamol ga babban mutum ƙwaya biyu ce mai miligiram 500, duk bayan awa 6, kada a wuce giram 4 a awa 24. Likita kan haɗa shi da ibuprofen ko diclofenac, ɗaya daga ciki ba duka biyun ba, kuma bayan an ci abinci. Ba sa hana shayarwa, don haka Hajiya, ki daina ɓoye mata magani wai zai ɓata nono. Amma mai olsa, mai ciwon ƙoda, wadda ta zubar da jini da yawa ko jininta ya hau lokacin goyon ciki, dole likita ya san da haka kafin a ba ta waɗannan biyun na ƙarshe.

Maigida, kai ma da kai nake. Idan maganin da aka rubuta bai isa ba, asibiti za ka koma, ba kemis ɗin bakin layi ba inda za a ƙulla maka haɗi a leda. Turamol da kodin suna bi ta nono su isa jariri, su sa shi barci mai nauyi, ya kasa tsotso, numfashinsa ya yi ƙasa. Tun 2017 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta gargaɗi masu shayarwa a kan su biyun, mu kuwa mun ga irin ɓarnar da kodin ya yi a Arewa har gwamnati ta hana maganin tari mai ɗauke da shi a 2018.

Matar da ciwo ya ɗaure a gado ba ta tashi ta taka, kuma kwanciyar nan ce ke sa jini ya daskare a ƙafa, wani lokaci ya tafi huhu. Ba ta iya riƙe jariri da kyau, sai a ce ba ta da nono.

Sai batun wankan jego. A nan Zariya likitocin Jami'ar Ahmadu Bello suka yi bincike a shekarun 1970 suka danganta ciwon zuciyar masu jego da kunun kanwa da yawan gashi da zafi. To balle wadda ke da ɗanyen ɗinki, wanda tsabta da bushewa yake so, ba a fyaɗa masa ganye da tafasasshen ruwa ba. Ranar suna kuma, kwana bakwai kacal da aiki, a bar ta ta kwanta. Masu barka za su fahimta.

Idan ciwon yana ƙaruwa maimakon raguwa, ko zazzaɓi ya zo, ko ɗinkin ya kumbura yana ruwa mai wari, ko ƙafa ɗaya ta kumbura, ko numfashi ya yi mata wuya, ko ciwon kai mai tsanani ya ƙi tafiya, a ɗauke ta nan take zuwa inda aka yi mata aikin, ko asibitin Shika ko na Gambo Sawaba, ko da tsakar dare ne.