Kuɗin da ke haifar da gem daban, kuɗin da ke rufe ƙofa daban

Duk lokacin da aka ce wani babban gem zai fito a PlayStation kaɗai, ko a Xbox kaɗai, sai ka ga magoya baya suna murna kamar ƙungiyarsu ta ɗauki kofi. Ni abin ba ya faranta mini rai, kuma ina da dalili.

Mai ƙera na'urar gem ba da ribar na'urar yake rayuwa ba. Sau da yawa ma da faɗuwa yake sayar da ita a farkon fitowarta. Abincinsa yana cikin kason da yake yanka a kan kowane gem da aka saya, wanda a shagonsa na intanet yakan kai kashi 30 cikin ɗari. Saboda haka dole ya jawo kamfanonin waje irin su EA da Capcom da Konami. Su kuma ba sa zuwa sai sun ga masu saye, masu saye ba sa zuwa sai sun ga gem.

Nintendo da ƙarfi ta warware wannan ƙulli a shekarun 1980. Duk mai son yi wa na'urarta ta NES gem a Amurka ba zai wuce guda biyar a shekara ba, ba zai kai gem ɗin wata na'ura ba sai bayan shekara biyu, kuma Nintendo ce za ta buga masa kaset, ya biya tun kafin ya sayar da ko ɗaya. Ina yi musu uzuri kaɗan, domin tarkacen gem na cikin abin da ya durƙusar da kasuwar Amurka a 1983. Amma biyayyar dole ce. Konami sai da ta buɗe wani reshe mai suna Ultra Games don kawai ta samu ƙarin guda biyar.

Sai ga Sony da PlayStation a 1994, kuma a nan nake so a tsaya a duba da kyau. Faifan CD yana ɗaukar kusan megabait 650, alhali kaset mafi girma na Nintendo 64 bai wuce 64 ba. Buga faifai ya fi arha nesa ba kusa ba. Idan gem ya samu karɓuwa ya ƙare a kanti, nan da nan a sake bugawa, ba sai an jira makonni ana zullumi ba, kuma ƙaramin kamfani ba ya binne jarinsa a kaset ɗin da bai san ko zai shiga ba. Ga farashin na'urar: PlayStation dala 299 a Amurka, Sega Saturn kuwa 399. Kamfanin Square, wanda ya shafe shekaru yana tare da Nintendo, ya tattara ya koma, ya fitar da Final Fantasy VII a 1997 a kan faifai uku, Sony kuma ta ɗauki nauyin tallarsa a Amurka. Sony ta sauƙaƙa wa masu yin gem sana'arsu, suka bi ta da ƙafarsu. Wannan ita ce nasarar da nake girmamawa.

Wanda suka juya wa baya kuwa ya shiga uku. EA ba ta yi wa Dreamcast ta Sega gem ba, a 2001 Sega ta daina ƙera na'ura. Cinikin na'urar Wii U ta Nintendo ya tsaya a wajen miliyan 13 da rabi, kamfanoni suka watse.

To, a kan Wii U ɗin nan ne aka yi keɓewar da ba ni da ja a kanta. Bayonetta 2 ya rasa mai ɗaukar nauyinsa, Nintendo ta zuba kuɗi, ya fito a 2014. Ba don kuɗin nan ba da babu gem ɗin kwata-kwata. Wanda ya biya aka gina, yana da haƙƙin riƙe makulli.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne kuɗin da ake biya don a hana wani. Gem ne da zai fito ko da kai ko ba kai, sai ka biya a tsare shi daga maƙwabcinka. Microsoft, mai Xbox, ta ba da dala miliyan 50 don ƙarin sassan GTA IV su fara fita a Xbox 360, masu PS3 suka jira har 2010. Sony ma hannunta ba a wanke yake ba. Ta keɓe Deathloop na Bethesda tsawon shekara guda daga 2021. Shugaban Xbox na lokacin, Phil Spencer, ya shaida wa kotu a 2023 cewa jin Starfield, wani gem na Bethesda, ma zai iya tsallake Xbox na cikin abin da ya sa Microsoft ta saye kamfanin ɗungurungum, a kan dala biliyan 7.5. Daga nan Microsoft ta zarce zuwa sayen Activision Blizzard, mai gem ɗin Call of Duty, kusan dala biliyan 69, kuma ana cikin matsin hukumomin Amurka da Ingila da Tarayyar Turai ne aka sa hannu cewa Call of Duty zai ci gaba da fita a PlayStation har shekara 10. Mai wasa me ya ƙaru da shi a duk wannan ja-in-ja? Gem ɗinsa bai ƙara kyau ba, farashi bai sauka ba.

Ku tuna da matashin da ya daɗe yana tari kafin ya sayi PS4 ta hannu a Kano ko Damagaram, ko mai shagon gem da jarinsa bai wuce na'ura uku ba. Ba su da halin sayen na'ura ta biyu saboda gem ɗaya. Su ne ake rufe wa ƙofa, kuma ba wanda ya tambaye su.

Su kansu kamfanonin sun fara gane lissafin ba ya fita. Gem ɗaya yanzu yana cin ɗaruruwan miliyoyin dala, masu na'ura ɗaya ba sa isa su mayar da kuɗin. Square Enix, bayan ta keɓe wa PS5 Final Fantasy XVI a 2023, ta sanar a 2024 cewa za ta riƙa kai manyan gem ɗinta na'urori da yawa. Microsoft da kanta ta kai Forza Horizon 5 kan PS5 a 2025. Ina goyon bayan wannan ɗari bisa ɗari, kuma ina jiran ranar da Sony za ta daina biyan kuɗin tsare gem ɗin da ba ita ta gina ba.