Kafin a sayo kwamfuta, a mayar wa ɗalibi takardarsa

Tun da Ministan Ilimi, Dakta Tunji Alausa, ya ce WAEC da NECO za su koma yin jarrabawa da kwamfuta daga 2026, masu wannan ra'ayi a jami'o'inmu suka ƙara samun bakin magana. Da ma jami'o'i da dama da kwamfuta suke yi wa 'yan aji ɗaya jarrabawa, musamman a kwasa-kwasan da kowa da kowa ke ɗauka. Yanzu kuma so ake a shigar da ita har manyan azuzuwa, wai ita ce maganin satar amsa da jinkirin sakamako da ɓatan takardu. An bar jaki ana dukan taiki.

Ciwon da ke damun jarrabawar jami'a shi ne ɗalibi yana rubutawa, amma ba ya sake ganin abin da ya rubuta. Takardun suna can ofishin jami'in jarrabawa na sashe, an ɗaure su da igiya dami-dami, ƙura tana hawa. Abin da ke isowa ga mai takardar harafi ɗaya ne a gaban lambarsa, a allon sanarwa ko a shafin jami'a na intanet, sau da yawa bayan sabon zango ya yi nisa. Wanda ya ga F ya san dai ya samu kariyoba, wato sai ya maimaita kwas ɗin. Tambaya ta nawa ce ta kayar da shi? Bai fahimci darasin ba ne, ko tsara amsa ne bai iya ba? Babu mai gaya masa. Baɗi ya dawo ya haddace wannan handawut ɗin, ya maimaita kuskuren bara.

A yawancin jami'o'i ana ware maki 30 ko 40 cikin 100 don gwaji da jinga a tsakiyar zango. Hikimar ita ce ɗalibi ya san matsayinsa tun da sauran lokacin gyara. Sai ga shi ana yin gwajin saura mako biyu jarrabawa, makinsa kuma ba ya fitowa sai an haɗa shi da na ƙarshe. Bayan yajin aikin ASUU na wata takwas a 2022, da aka matse zangunan karatu don a cike giɓi, wannan ɓangare ne ya fi shan wuya. Ɗalibin da ya ga an zalunce shi yana da damar neman a sake duba takardarsa, amma sai ya rubuta takarda ya biya kuɗi, sannan ya zauna da fargabar malamin da zai sake haɗuwa da shi a aji na gaba.

Kwamfuta ba ta taɓa ko ɗaya daga cikin waɗannan. Tambayoyin canki-canka take dubawa, ta fitar da lamba. Ɗalibin shari'a ko tarihi ko Hausa da bai taɓa rubuta shafi uku malami ya bi su da jan biro ba, ta yaya zai iya kare hujja? A aji huɗu ake ganin abin, lokacin rubuta kundin kammala digiri, inda wasu ke zuwa shagon buga takardu su sayi na wani. Ita kanta na'urar ba ma'asuma ba ce. JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, amma a watan Mayun 2025 shugabanta a lokacin, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito yana hawaye ya amsa cewa an samu kuskure a sakamakon mutum 379,997 a Legas da jihohin kudu maso gabas. Sai da jama'a suka yi ca aka bincika, domin babu ɗalibin da ke da hanyar ganin yadda aka yi masa maki.

Za a ce malami ɗaya yana da ɗalibai ɗaruruwa, ina zai iya? To wa ya ɗauko su? Ma'aunin NUC, hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, malami ɗaya ne ga ɗalibai 30 a fannonin adabi da zamantakewa. Jami'ar da ta cika ɗakin lakca har wasu na leƙe ta taga, don kuɗin rajista, ba ta da bakin kawo yawa a matsayin uzuri. Ita kuma NUC da ta ƙaddamar da sabuwar manhajar karatun jami'o'i ta CCMAS a Disamban 2022, tana ta maganar ƙwarewa, ya kamata ta gaya mana yadda ake auna ƙwarewa da A, B, C, D.

Ya kamata majalisar kowace jami'a ta kafa doka: ba za a zauna jarrabawar kwas ba sai an mayar wa ɗalibai takardun gwajinsu da gyara a jiki, bayan jarrabawa kuma a ware rana kowa ya zo ya duba tasa. A ɗauki ɗaliban digiri na biyu da na uku su taya malamai duba takardu, a biya su daga kuɗin da ake shirin zubawa a sababbin cibiyoyin kwamfuta.