Ranar da na kai ƙarar ɓera

Tun da aka kafa injin casar shinkafa a bayan layinmu, ɓerayen unguwarmu suka yi ƙiba, suka daina gudu. Sai ka haska tocila ka ga ɓera ya tsaya yana kallonka, yana jiran ka ba shi hanya. Sun huda buhun shinkafar da na nomo a fadama, sun cinye busasshen kifin da surukata ta aiko mana daga Yawuri, har wayar cajin uwargida ba su ƙyale ba. Na ɗana tarko da ƙuli-ƙuli, da safe na tarar an ɗauke ƙulin, tarkon yana nan a ɗane.

Na fara da mai unguwa. Ya saurare ni tsaf yana jan carbi, sannan ya ce, "Malam, kusu ai ba talakkana na ba. Tai sakatariya wurin duba-gari."

A sakatariyar ƙaramar hukuma aka ce sai a rubuce. Na rubuta. Jami'in ya gyara tabarau, ya karanta har ƙasa, ya ɗago kai.

"Ɓeran nan a ina yake kwana?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ban taɓa raka shi gida ba."

Bai yi dariya ba. Ya ce in daga bola ko kwata yake fitowa, aikin duba-gari ne. In daga gona ne, sai sashen noma. In kuwa a ɗakina aka haife shi, to ɗan gida ne, ni da shi. Daga nan ya nuna mini hoton da ke manne a bango, ya shiga karatun zazzaɓin Lassa: a 1969 aka fara gano shi a garin Lassa na jihar Borno, fitsari da kashin ɓera a kan abinci ne ke yaɗa shi, kuma da rani ya fi tsanani. Gaskiya mutumin ya san aikinsa. Maganin ɓera ne dai babu a sito, sai an saki kuɗi. Da na tambayi yaushe, ya ce in ci gaba da leƙowa.

Wata Talata da hantsi sai ga duba-gari biyu a kan babur, da littafin rasit. Na yi murna, har na aika yaro ya sayo musu lemo. Ko ramin ɓera ɗaya ba su nema ba. Babban ya buɗe randa, ya leƙa masai, ya tsaya a kan kwatarmu yana girgiza kai, ya tambayi dalilin da ya sa aka shanya gero a ƙasa. Lemon na hannunsa ya rubuta mini tara.

Tun da sun riga sun ƙona mai, sai suka bi layin gida-gida. Mai shayi ya biya, mai injin casa ya biya, liman ma bai tsira ba saboda garken tumakinsa. A kowace ƙofa sai sun yi bayani cikin ladabi cewa wani bawan Allah ne a layin nan ya kawo koke, ga takardarsa, ga sa hannunsa.

Bayan la'asar mai unguwa ya aiko kirana. Na tarar zauren ya cika maƙil, mai injin casa na gaba, riƙe da rasit ɗinsa. Mai unguwa ya nuna mini tabarma ya ce, "Zamna nan, Malam. Wagga ƙara kam ina iya ta, kai talakkana na."