Ranar da na kai surukina kallon dutsen Rumsiki

Mu mutanen Marwa, a arewacin Kamaru, dutse ba abin kallo ba ne a wurinmu. Ka fito ƙofar gida ga shi can tsaye a bayan gari, ka kama hanyar Mindif ga wancan dogon yana leƙenka tun daga nesa, ban taɓa jin wani ɗan unguwarmu yace yau zai cire kuɗi a aljihu a kai shi ya kalli dutse ba. Wannan aikin Nasara ne masu kyamara a wuya.

To sai Allah ya kawo surukina daga Injamena, ya zo sunan jikarsa. Baban matata fa, shi da kansa. An yi suna an watse, sai ya faɗa wa 'yarsa wai tun yana saurayi yake ganin hoton dutsen Rumsiki a jikin wata kalanda a ofishinsu, kuma ba ya so ya koma bai gan shi da idonsa ba, tunda su can garinsu shimfiɗe yake ko tudun kirki babu. Ni bai ce min komai ba. Da dare uwargida tace "Baba yana son ganin Rumsiki", ta juya ta ci gaba da ba jaririya nono. Magana ta ƙare, baƙonka annabinka, balle suruki.

Wani abokina mai sayar da jakunkunan fata ya haɗa ni da ɗan jagora, wani saurayi Bakafsike, wato ɗan ƙabilar Kafsiki, ɗan can garin, yana jin Fulatanci da Faransanci, Hausarsa kuma a tsaitsaye take amma ana ganewa. Yaron nan da ya ji aiki ya samu har rungume ni ya yi, yace tun da aka sace wasu Faransawa iyali guda a wajen Waza a 2013 baƙi suka ɗauke ƙafa, wanda da yake kai mutane kullum yanzu sai ya yi wata bai ga ko ɗaya ba. Mukai ciniki da shi da mai mota, yace wurin kallo uku zai kai mu, kowanne ya fi na baya kyau, in ban yi kabbara ba kar in biya shi. Muka sa ranar Lahadi don ita ce ranar kasuwar Rumsiki. A watan Janairu ne fa wannan, ku riƙe wannan.

Na sha shadda mai guga, na sa sabon takalmin fata irin na Marwa mai santsin ƙasa, saboda za a yi hoto da suruki. Karin kumallo kuwa bai samu ba, don tun da aka idar da asuba Baba ya zauna a tsakar gida da carbinsa yana jiran mota, ina zan tsuguna in sha kunu a gabansa? Uwargida ta faki ido ta cusa min ƙullin kilishi a aljihu tace in na samu sarari.

Marwa zuwa Mokolo wajen kilomita 80 ne, kwalta, ba laifi. A Mokolo Baba ya sa aka tsaya ya sayi ƙosai mai zafi cike da leda, ya juyo yace "Malam, bismillah." Nace "Alhamdulillahi Baba, na ƙoshi." Abin da duk ɗan mutunci zai ce kenan. Ina kallo direba da ɗan jagora suka sa hannu, su ba 'yar kowa suke aure ba, har yajin da ya rage a gindin leda direba ya lashe, an rufe gilas saboda sanyi, ƙamshin man gyaɗa ya rasa inda za shi sai hancina.

Daga Mokolo kwalta ta yi sallama da mu. Sauran kilomita wajen 50 ta Mogode hanyar ƙasa ce da duwatsu, mota ta ɗaga ka ta buga kanka da rufi ta dawo da kai ta sake ɗagawa, hulata sai da na cire ta na riƙe a hannu, cikina da ba komai a ciki yana ta ƙugi ina rufe shi da tari. Gefen hanya ga gidajen mutanen dutse, ɗakuna ƙanana zagaye masu jinka mai tsini a cuɗe wuri guda, sai dai tun daga nan na lura abin da ya wuce jifa biyu ba ka ganinsa.

Muka iso wurin kallo na farko. Ɗan jagora ya fita da sauri ya buɗe wa Baba ƙofa, ya kai mu bakin wani gangare, ya buɗe hannuwa biyu yace "Ga shi nan!"

Jama'a, babu komai. Fari fat. Kamar an tsoma mu cikin ƙwaryar koko. Hazon hunturu ya sauka ya rufe duniya, ba dutse ba kwari ba sama ba ƙasa, sai wata akuya a kusa da mu tana tuƙa.

Amma yaron nan ko a jikinsa. Ya nuna farin da yatsa yace nan daidai babban dutsen yake, mita 1,224 daga matakin teku. Ya matsar da yatsan hagu kaɗan yace nan kwari ne, bayansa Najeriya ce, kilomita kamar uku. Ya ci gaba da bayani tiryan-tiryan, wai duwatsun nan dogaye maƙogwaron dutse mai aman wuta ne na zamanin da, narkakken dutsen ya daskare a cikin maƙogwaron, ruwan sama da iska suka cinye jikin na waje a hankali suka bar na tsakiyar a tsaye shi kaɗai. Bayanin ya yi daɗi wallahi, na ƙaru, abin da ake bayani a kansa ne kawai babu. Baba yana gyaɗa kai yana "Allahu akbar, ikon Allah", ɗan jagora ya kalle ni ya ɗaga gira, wato ga kabbara an yi, kuɗi sun halatta.

A wurin kallo na biyu direba ya leƙo ta taga yace "Wannan hazon da na ɗazu wanne ya fi tsada?" Ɗan jagora yace ai ba laifinsa ba ne, ƙurar nan daga Bodele take tasowa, arewacin Chadi. Sai kowa ya yi tsit, don an tuna daga ina baƙonmu yake. Baba ya yi murmushi yace ƙwarai kuwa, tsohon gindin tafkin Chadi ne da ya ƙafe, iska ke matsowa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi ta kwashe ta, "kun ga ban zo muku hannu rabbana ba." Ni dai ban yi dariya da ƙarfi ba, ba a ƙyaƙyata wa suruki.

Daga nan akace sai a ƙafa, a gangara a ga gonaki. Su mutanen nan sun jera duwatsu hawa-hawa a jikin tsauni suna tare ƙasa da ruwa, a kai suke shuka dawa da wake. Ɗan jagora yace kakanninsu ba don sha'awa suka hau dutse ba, gudun mahaya dawakai masu kamun bayi ne, ya ambaci Hamman Yaji na Madagali wanda har yau tsofaffi ba su manta sunansa ba, sai a 1927 Turawan Ingila suka kama shi. Yana faɗa yana kallon babbar rigata, nace ɗan'uwa ni kakana fatauci ya kawo shi, goro yake sayarwa.

Baba mai shekara saba'in da wani abu yana gaba da silifas ɗin roba yana tsallake duwatsu yana tambayar sunan kowane itace, ni ina baya takalmi yana zamewa, gwiwa tana rawa, idona ya fara ganin wasu taurari a cikin hazon. Nace yunwa a ba ki a huta. Na karɓi butar da direba ya riƙo nace zan ɗan kama ruwa.

Na zaga bayan wani dutse na ciro kilishi. Na gatsa sau ɗaya naji ƙaras ɗin ya yi ƙara da yawa, wurin shiru ne, sauti yana tafiya. Na ƙara gaba zuwa bayan wani dutsen. Nan ma naji kamar muryar Baba na kusa, na ƙara gangarawa. Sai da na tabbata ba mai jina sannan na zauna na buɗe ƙullin nan na shiga aiki hannu baka hannu ƙwarya. Wanda ya yi kilishin nan ban san me aka yi masa ba ranar, yaji ya zuba na mugunta, hawaye na zuba majina na zuba ina ci, na shanye ruwan butar tas.

Na miƙe in koma, duk duwatsun sun zama iri ɗaya. Na bi nan ba hanya, na bi can ƙaya, igiyar takalmin dama ta tsinke. Sai wayata ta yi ƙara, na duba, saƙo ne wai barka da zuwa Najeriya. Innalillahi. Katin shaidata yana cikin mota tun shingen jandarmomi na ƙarshe. Na fara lissafin yadda zan yi wa sojan wata ƙasa bayanin cewa cin kilishi ne ya ƙetaro da ni. In yi ihu kuma in kira wa? Sunan ɗan jagora ya ɓace min, suruki kuwa ba a ƙwala masa kira a daji. Sai na dinga "Assalamu alaikum!" da ƙarfi ina juyawa gabas da yamma, dutse yana amsa min.

Can sai ga wata tsohuwa ta ɓullo daga cikin farin nan da buhu a ka. Tace "Sannu Alhaji, wa kake yi wa sallama?" da Hausa garau. Ashe daga ɓangaren Michika take, su ne ake ce wa Higi ko Kamwe a can, da Kafsiki duk dangi ɗaya ne iyaka ce ta raba, kasuwa za ta. Tace ban ƙetare ko'ina ba, waya ce mai rawar kai. Nace Mama don Allah ki fitar da ni. Tace to, ta sauke buhun waken nan ta ɗora min a kafaɗa, a kan shadda, tace muje.

Hawan nan ba zan ba da labarinsa ba. Ita tana gaba tana min hira, ni ina baya da buhu da buta da takalmi ɗaya a hannu.

Muka fito gefen kasuwa, kuma ba kowane gefe ba, inda mata ke jera tulunan bilbil, wato burkutun can. Ƙanwarta na sayarwa a nan, dole ta tsaya gaisuwa. Ni kuwa ƙafa ta ƙi, na zube kan wani dutse a tsakiyar mashaya, wata baiwar Allah ta ga halin da nake ciki ta miƙo min ruwa, ruwa ne wallahi tallahi, amma a irin ƙwaryar da kowa ke riƙe da ita a wurin. Na kafa kai kenan naji an yi gyaran murya.

Baba ne, da ɗan jagora, da direba. Ga ni zaune cikin masu shan bilbil ido jajir, hula a karkace, gaban riga duk maiƙo, ƙwarya a baki. Baba ya dube ni tun daga sama har takalmin da babu, yace "Malam, an kama ruwan?"

Bakina ya buɗe amma ba abin da ya fito. Tsohuwar nan ce ta cece ni, in ceto ne, ta ɗaga murya yadda duk kasuwa za ta ji tace "Naku ne? A gindin dutse na jiyo shi yana ta sallama, ga takardar nama a gefensa ya cinye yana kuka." Mashaya suka kwashe da dariya, har waɗanda ba sa jin Hausa sai da aka fassara musu suka yi tasu daga baya.

Direba ne ya ba ni sauran labari. Wai da na daɗe ɗan jagora ya rikice yace a je wurin tsohon nan mai duba da ƙaguwa, wanda Rumsiki ta yi suna da shi, yana sa ƙaguwa cikin tukunya mai yashi da ruwa da 'yan guntayen itace da sakaina, ya yi mata magana ya rufe, in ya buɗe sai ya karanta yadda ta watsa su. Baba yace a'uzubillahi, ba ruwansa da duba, kuma ba sai an wahalar da ƙaguwa ba, tun daga Mokolo yake jin cikin yaron nan yana kuka, a je kasuwa wajen abinci a jira shi.

Wurin kallo na uku mun je don an riga an biya. Wajen la'asar iska ta ɗan motsa muka ga wata inuwa doguwa baƙa-baƙa tsaye a cikin farin, kafin Baba ya gama lalubo wayarsa ta koma. Ɗan jagora ya tura masa hotuna masu kyau da ya ɗauka bayan damina, ko'ina kore shar, yace mu dawo watan Oktoba. Baba yace in sha Allahu, ni na yi kamar ina gyara takalmi.

A hanyar dawowa bayan magariba Baba ya sake tsayar da mota a Mokolo, ya sauka da kansa wurin mai tsire, ya dawo da ƙulli babba mai zafi. Bai juyo ba, ya miƙo min ta bayan kujera, sannan yace wa direba ya ƙara muryar rediyo. Nace a raina kai, dattijo dattijo ne, ya rufa min asiri ya ba ni fili. Na sunkuya bayan kujerarsa cikin duhu na bi tsiren nan a hankali ba ƙara, har albasar ban bari ba, na ninke takardar na sa a aljihu.

Mun iso ƙofar gida wajen ƙarfe goma, Baba ya sauka ya miƙe ƙafa, yace "Malam, a shigar wa mai jego tsirenta tun bai huce ba."

Nace to Baba, bari in sallami direba. Yana shiga gida na tare ɗan kilando, wato ɗan acaɓa, da takalmi ɗaya a ƙafa nace unguwar Domayo, duk inda ka ga hayaƙi ka tsaya.