Mai shigar da ƙara ma zai tsufa

A layinmu na unguwar Birni a Damagaram akwai wani dattijo da ya yi shekaru yana shigar da ƙara da sunan gwamnati. Ran nan mun haɗu a kantin magani, riƙe yake da odonas ɗin ciwon suga. Ya tambayi kuɗin kowane magani ɗaya bayan ɗaya, ya karɓi biyu, ya ninke takardar ya mayar aljihu. "Sauran sai an biya fansho, ɗana," in ji shi. Wannan mutum ne da a da jandarma ke ƙamewa idan ya shigo.

A Nijar mai shigar da ƙara majistare ne, karatunsu ɗaya da alƙalin da ke zaune kan kujera. Bambancin shi ne yana ƙarƙashin ministan shari'a, ana iya ɗauke shi daga Damagaram a kai shi Diffa ko Agadez. Tunda ma'aikacin gwamnati ne, fanshonsa ba a CNSS yake ba, wadda ke kula da ma'aikatan kamfanoni. Yana hannun CARENI, asusun ritayar ma'aikatan ƙasa. Kuma fansho kan tushen albashi ake lissafa shi. Alawus-alawus ɗin da suka riƙe gidan lokacin aiki suna tsayawa ranar da aka miƙa makullin ofis, daidai shekarun da hawan jini da ciwon ido ke sallama.

Za a ce manomin Mirriah da mai kabu-kabun kasuwar Dole ba su da ko dala ta fansho, don me za a yi kukan majistare? Gaskiya ne, kuma abin yana ci mini rai. Amma a duba wa ke shan wuya idan mai shigar da ƙara yana fargabar tsufansa. Shi ke duba takardun da suka fito daga kumisariya, ya ce wannan a gurfanar da shi, wancan a sallame shi. Gabansa ake kai ƴan fasa-ƙwaurin mai, da rigimar fili tsakanin mai hali da marar galihu. Wanda bai san abin da zai ci bayan ritaya ba, ambulan ɗin mai hali zai yi masa nauyin mayarwa, kuma talakan ne zai kwana a gidan kaso.

Don haka ina ganin a shigar da wani kaso na alawus cikin abin da ake cirewa daga albashi don fansho da abin da ake lissafawa, ko da cirewar za ta ƙaru. A haɗa fansho da inshorar lafiya mai ɗaukar magani. Takardun ritaya kuma a kammala su nan Damagaram, inda kotun ɗaukaka ƙara take, kada tsoho ko matar mamaci su kama hanyar Yamai mai kusan kilomita 900 saboda sa hannu ɗaya.